Tantin Saman Mota a Ƙasar Ƙanƙara: Daga Denba Zuwa Badlands

Baƙo mai lura, idan ya shiga titunan Denba, babban birnin jihar Kolorado ta Amurka, ba zai daɗe ba zai ga yawan motocin da jikinsu ya cika da ƙananan ramuka tun daga bonet har rufi, alhali fentinsu lafiya lau yake, kuma babu alamar sun taɓa yin karo da komai. Na sauka garin ne a watan Yuni domin ziyartar yayana, wanda ya daɗe yana aiki a can, yana zaune a Aurora da ke gabashin birnin. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce aikin ƙanƙara ne. Na san ƙanƙara tun ina yaro a Jos, inda takan sauko a farkon damina yara su fita tsinta, amma ban taɓa ɗaukar ta a matsayin abin da ke karya tattalin gida ba. Yaya ya ba ni labarin ranar 8 ga Mayu, 2017, lokacin da ƙanƙara ta sauka a yammacin Denba da la'asar, daidai sa'ar tashi daga aiki, ta yi ɓarnar da kamfanonin inshora suka ƙiyasta a kan dala biliyan 2.3. Babbar kasuwar Colorado Mills da ke Lakewood ma sai da ta yi watanni a rufe, domin ƙanƙarar ta huda rufinta ruwa ya malale ciki.

Duk da haka a cikin wannan wata muka shirya tafiya arewa, zuwa duwatsun Black Hills da gandun Badlands a Dakota ta Kudu, muna kwana a daji. Motar Yaya Toyota 4Runner ce, a samanta kuma akwai tanti mai naɗewa, an ɗaure shi da kusoshi a kan ƙarafa biyu da suka gitta rufin. Idan a rufe yake, yana zaune a dunƙule cikin riga ta tamfol mai kauri. Idan za a kwana, sai a zuge rigar, a ja tsanin alminiyom, rabin daɓen ya buɗe ya fito ta gefen mota, ƙarafan ciki su miƙe su ɗaga yadin, katifa kuwa dama tana shimfiɗe a ciki. Mutum yana kwana nesa da danshin ƙasa da tsakuwa da macizai, kuma wannan ne ya sa irin wannan tanti ya karɓu a wajen masu yawon daji. Sai dai tun daren farko Yaya ya nuna mini aibinsa, wanda shi ne ginshiƙin duk abin da na koya a wannan tafiya: muddin tantin yana buɗe, motar ba ta motsi. Mai tantin ƙasa yana iya barin tantinsa ya shiga mota ya tsere wa hadari. Mai tantin sama kuwa ɗakinsa da abin hawansa a haɗe suke, kuma kafin ya naɗe yadi, ya cusa gefunansa, ya ninke tsani, ya ja rigar tamfol ya ɗaure, minti goma sun wuce ko da hannu biyu ake aikin, balle idan iska ta riga ta taso.

Mun kama babbar hanya mai lamba 25, duwatsun Rocky suna hagunmu, fili kuma ya miƙe a damanmu har iyakar gani. Tsakanin Denba da Cheyenne, babban birnin Wayomin, kimanin kilomita 160 ne. Yankin da Kolorado da Wayomin da Nebraska suka haɗu shi ne masana yanayi na Amurka suke kira layin ƙanƙara, domin a matsakaici ana samun kwanaki 7 zuwa 9 na saukarta a kowace shekara. Babban dalili shi ne tudu. Denba tana kan mita 1,600 daga saman teku, Cheyenne kuma ta haura mita 1,800, saboda haka tazarar da ke tsakanin ƙasa da wurin da ruwa ke daskarewa a sama ba ta da yawa, ƙanƙarar ba ta samun lokacin narkewa kafin ta iso. Ga kuma duwatsu, waɗanda rana ke dumama su tun safe, iska ta hau jikinsu, gajimare ya taru a kansu da hantsi, da azahar kuma ya gangaro gabas cikin fili ya zama hadari.

A cikin irin wannan hadari akwai iska mai ƙarfi da ke hawa sama, tana ɗaukar ɗigon ruwa zuwa inda sanyi ya wuce na daskarewa. Ɗigon yana manne wa ƙwayar ƙanƙara ya daskare a kanta, wani ya zo ya hau, tana ƙara kauri muddin iskar tana iya riƙe ta, sai ta faɗo a lokacin da nauyinta ya fi ƙarfin abin da ke tallafe da ita. Wannan ya sa idan aka fasa babbar ƙanƙara ake ganin zobba a cikinta, wani fari wani garau. Wadda faɗinta ya kai santimita 2.5 zuwa 4.5 tana isowa ƙasa da gudun kilomita 40 zuwa 65 a awa, wadda ta kai santimita 5 zuwa 10 kuwa tana iya haura kilomita 100. Mafi girma da aka taɓa aunawa a Amurka ta faɗo ne a ƙauyen Vivian, a jihar da muka nufa, ranar 23 ga Yuli, 2010: faɗinta santimita 20, nauyinta gram 880, kuma wannan bayan ta ɗan narke ne, domin wuta ta ɗauke a gidan wanda ya tsince ta ya ajiye a firji. Babu bargo ko tamfol da zai tare irin wannan. Amma mafi yawan abin da matafiyi ke gamuwa da shi bai kai rabin rabinta ba, kuma a nan ne dabara take da amfani.

Kullum da asuba, bayan mun yi sallah, kafin a ɗora ruwan shayi, Yaya yakan nemi inda sabis ke kamawa ya duba taswirar da Cibiyar Hasashen Guguwa da ke Norman a jihar Oklahoma take fitarwa. Taswirar tana raba haɗarin ranar mataki biyar, daga mafi sauƙi zuwa mafi tsanani, kuma tana da shafi na musamman a kan ƙanƙara. Daga nan yake tsara ranar: ina za mu kasance tsakanin azahar da magariba, wane gari ne mafi kusa, hanyar da za ta kai mu can kwalta ce ko birji. Sanarwar hukumar yanayi ta Amurka iri biyu ce. Ta farko ta zaman shiri ce, tana rufe yanki mai faɗi na awoyi da dama, ma'anarta yanayi ya nuna hadari mai tsanani na iya tasowa. Ta biyu gargaɗi ne da ofishin yankin ke fitarwa, a wajenmu na Rapid City, idan na'urar rada mai hango hadari daga nesa ta riga ta gan shi ko mutane sun ba da rahotonsa, kuma ana fitar da shi ne idan ƙanƙara ta kai santimita 2.5 ko iska ta kai kilomita 93 a awa.

Akwai wani abu a nan da nake ganin ya kamata duk mai shiga wannan daji ya sani. Mutane da yawa suna dogara da cewa wayarsu za ta yi kuka da kanta idan hadari ya taso. Tun daga watan Agusta na 2021 hukumar yanayi ta Amurka tana aika irin wannan saƙon gaggawa ga wayoyi, amma sai idan ana sa ran ƙanƙarar za ta kai santimita 7, ko iskar ta kai kilomita 129 a awa. Wato ƙanƙara mai girman ƙwallon golf, wadda ta isa ta lotsa mota ta fasa gilashin baya, tana iya sauka a kan mutum wayarsa tana shiru a aljihu. Ga shi kuma sabis ɗin kansa yana ɗaukewa a cikin kwazazzabai. Saboda haka Yaya yake tafiya da ƙaramar rediyo mai batir wadda ke kama tashoshin yanayi na NOAA, hukumar gwamnatin Amurka mai lura da yanayi da teku, masu watsa shiri dare da rana a kan mita 162.400 zuwa 162.550, kuma ya san sunan gundumar da muke ciki da wadda ke yammacinmu, tunda da sunan gunduma ake karanta gargaɗin.

Daga Cheyenne muka bi ta Torrington da Lusk, muka shiga Dakota ta Kudu ta Hot Springs, muka ya da zango a gandun Custer cikin itatuwan fain. Da na ga inuwa sai na ce ai mun sami rumfa, mu kafa motar a gindin mafi girma. Yaya ya ce, “Ganye yana rage wa ƙaramar ƙanƙara ƙarfi, wannan gaskiya ne. Amma hadarin da ya kawo ƙanƙara shi ne yake kawo aradu da iska, kuma reshe ɗaya idan ya karye a kan tanti ya fi ƙanƙarar awa guda ɓarna.” Muka tsaya a ɗan fili, nesa da busassun itatuwa, nesa kuma da bakin rafi. Mutanen wannan yanki ba su manta da daren 9 ga Yuni, 1972 ba, lokacin da ruwan da ya sauka a kan waɗannan duwatsu ya cika rafin Rapid ya afka wa Rapid City, mutum 238 suka rasu.

Maƙwabcinmu a sansanin wani dattijo ne daga Nebraska, shi da matarsa, a samansu akwai tanti irin mai murfi mai tauri, wanda ake buɗewa da sakin maƙalai biyu, a rufe shi cikin minti ɗaya ko biyu. Mun daɗe muna hira a kan wanne ya fi jure wa ƙanƙara, kuma abin da ya faɗa daga abin da ya gani ne da idonsa. Ya ce murfin alminiyom yana lotsewa amma ba ya tsagewa, saboda haka ko ya yi muni ruwa ba ya shiga. Murfin faiba ko na roba mai tauri kuwa yana ture ƙananan ƙwayoyi ba tare da tabo ba, amma babba tana iya tsaga shi, musamman wanda rana ta yi shekaru tana dukansa, kuma tsagar da ba ta kai tsawon yatsa ba ta isa ta jiƙa katifa. Irin namu mai rigar tamfol, a cewarsa, idan yana rufe ya fi kowanne sauƙin sha'ani, domin a ƙarƙashin tamfol akwai yadi ninki-ninki da katifa, duka suna shanye bugu. Ya ƙara da wani abin da ban yi tunaninsa ba: tanti a rufe garkuwa ne ga rufin motar kanta, har da gilashin sama ga motar da ke da shi. Matsalar duk tana ga buɗaɗɗen tanti, wanda yadinsa ke miƙe tamau a kan siraran ƙarafa, iska tana hura shi ta ƙasa, ƙanƙara tana dukansa ta sama.

A Badlands ne muka ga abin da ido. Ƙasa ce ta tuddai masu zane-zanen ja da toka, waɗanda ruwa da iska suka sassaƙa, babu itace sai ciyawa, baunar Amurka suna kiwo a gefen hanya. Kimanin kilomita 10 kudu da garin Wall, kafin a kai ƙofar Pinnacles ta gandun, akwai wani gefen kwari a cikin makiyayar Buffalo Gap inda hukuma ta yarda a kwana kyauta, kuma motoci sukan jeru a bakin gaɓar saboda kyan wurin. Mun isa da hantsi, muka zaɓi wuri, muka fito da kujeru da tukunyar gas, amma Yaya bai taɓa rigar tantin ba. Taswirar asuba ta sa yammacin jihar a mataki na biyu. Na ce masa, “Yaya, ga sama garau, kowa kuma ya buɗe nasa, me zai hana mu buɗe mu ɗan kishingiɗa?” Ya nuna mini yamma, inda wani farin gajimare ya fara tashi tsaye a kan Black Hills, ya ce a irin wannan rana ba a buɗe tanti sai an ga abin da la'asar ta zo da shi. Ya kuma sa ƙafa ya murza ƙasar da muke tsaye a kai. Ƙasar wurin tana da yumɓu mai yawa, wanda asalinsa tokar aman wuta ce ta zamanin da, kuma da zarar ruwa ya taɓa ta sai ta zama taɓo mai santsi da ke cika taya, har mota mai jan ƙafa huɗu ta kasa fita. Wanda ya jira ɗigon farko a nan ya riga ya rasa hanya.

Bayan azahar rediyon ya karanta sanarwar zaman shiri, kafin la'asar kuma gajimaren ya baje kansa ya rufe rana, gindinsa ya yi duhu mai ɗan kore-kore. Da aka ambaci gargaɗi ga gabashin gundumar Pennington, minti biyu ya ishe mu jefa kujeru a but mu hau kwalta. A Wall muka tarar ba mu kaɗai muka yi wannan lissafi ba. Ɗakunan wankin mota, waɗanda suka fi ko'ina dacewa saboda tsayinsu da bangonsu, duk an shige su. Rumfunan gidajen mai sun cika, motoci sun yi cirko-cirko har wasu rabinsu a waje. Mun sami wata rumfa da ke da sauran wuri, amma allon ƙofarta ya nuna ƙafa 7, wato mita 2.1, alhali motarmu da tantinta ta kai mita 2.3. Yaya ya rubuta wannan adadi a takarda ya manna kusa da sitiyari tun ranar da ya ɗora tantin, domin mutum a cikin gaggawa yakan manta cewa motarsa ta ƙara tsawo. A kan babbar hanya mai lamba 90 kuma mun hango motoci suna cunkusuwa a ƙarƙashin gadar sama. Hukumar yanayi ta sha gargaɗi a kan wannan ɗabi'a, kuma ina tare da ita ɗari bisa ɗari: a hanyar da doka ta yarda a yi gudun mil 80 a awa, cikin ruwan da ba a ganin gaba, wanda ya tsaya ya toshe layi domin ceton fentin motarsa ya jefa rayukan waɗanda ke bayansa cikin haɗari.

Muka zagaya bayan wani dogon gini, ta gefensa na gabas, tunda iskar daga yamma take. Yaya ya matsa da hancin motar daf da bango. Hikimar ita ce gilashin gaba ninki biyu ne da roba a tsakani, yana tsagewa amma ba ya zubewa, alhali na gefe da na baya idan suka fashe rugujewa suke yi gaba ɗaya, don haka gara a juya su daga inda bugu ke zuwa. Sannan muka fito da barguna huɗu masu kauri, irin waɗanda masu kwasar kayan gida ke naɗe kujeru da su. Biyu muka ninka a kan bonet muka ɗaure da bel ta ƙarƙashin gefunansa, ɗaya a gilashin gaba bayan mun shimfiɗa kafet ɗin roba na ƙasan mota a ƙarƙashinsa, muka datse kunnuwansa da ƙofofi, na huɗu kuma a gilashin baya, muka datse shi da murfin but. Bargon da ba a ɗaure ba bai da amfani, iskar farko ce za ta tafi da shi. Ina cikin gyara kusurwar ƙarshe aka yi walƙiya, ban gama ƙirga daƙiƙa goma ba tsawa ta biyo, wato aradun bai wuce kilomita uku daga inda muke ba, tunda sauti yana cin kilomita ɗaya ne a daƙiƙa uku. Yaya ya ce, “Bar shi haka, shigo. Idan an ji tsawa aikin bargo ya ƙare.”

Da farko manyan ɗigo ne jefi-jefi, sai wani gurnani da ke matsowa daga yamma, sai kuma ta sauko gaba ɗaya, ƙararta kamar tifa tana juye tsakuwa a kan kwanon rufi. Muka matsa tsakiyar mota, nesa da tagogi, muka ja jakar barci muka rufe kawunanmu saboda gilashi, muna addu'a. Ba a jin maganar juna. Abin da na lura da shi shi ne bambancin sauti: a inda tanti ya rufe bugun a dakushe yake, a ƙarshen rufin da ya rage a fili kuwa ƙarfe ne ke amsawa kai tsaye. Ba ta kai kwata na awa ba ta wuce. Da muka fito ƙasa ta yi fari, sanyi ya sauko har hazo yana tashi daga kwalta, ƙwayoyin da na ɗauka kuma mafi yawansu santimita 2 zuwa 3 ne. Gilasai duk lafiya, bonet lafiya, rigar tanti babu ko huda. Lotsewa kaɗan muka samu a bayan rufi da saman ƙofar dama. Bargunan sun sha ruwa sun yi nauyi, sai a manyan ledoji muka zuba su.

Ba mu koma gaɓar ba a daren saboda taɓo. Muka wuce sansanin Cedar Pass da ke cikin gandun, kusa da cibiyar baƙi ta Ben Reifel, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, muka tarar da ƙasarsa a bushe ƙamas. Haka ƙanƙara take, siririn layi take bi, sau da yawa faɗinsa kilomita kaɗan ne, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa motar da ke iya tashi da wuri ta fi motar da aka lulluɓe tsira. Sai bayan magariba, da rediyon ya ce an janye sanarwar, muka buɗe tanti.

Dare kuwa lissafinsa daban ne, domin a waɗannan filaye hadari yakan haɗu ya yi tafiya cikin dare, lokacin da mutum ba shi da zaɓi sai ya kwana a buɗaɗɗen tanti. Tsarin Yaya shi ne kujerun gaba su kwana babu kaya a kansu, makulli da tocila su kwana a aljihun tanti kusa da ƙofa, takalma a jaka a jikin tsani, rumfar gefe kuma a naɗe ta tun kafin a hau. Can cikin dare tsawa ta tashe mu. Babu wanda ya yi maganar naɗe tanti. Muka zuge tagogi, muka sauko da jakunkunan barci, muka shiga mota muka rufe, muka zauna har rabin awa ya wuce bayan tsawar ƙarshe. Ruwa ne da iska kawai, amma da za a maimaita haka zan sake yi. Tantin sama yana sa mutum ya ji kamar a cikin mota yake, alhali a wajenta yake. Abin da ke kare mai mota daga aradu shi ne ƙarfen jikinta, wanda ke zagayar da wutar ta waje zuwa ƙasa, mai kwana a tanti kuwa yana saman wannan ƙarfe, a wuri mafi tsayi a fili, da tsanin alminiyom da ya taɓa ƙasa. Ita kanta ƙanƙarar tana raunata mutum. A ranar 21 ga Yuni, 2023, ta sauka a kan masu kallon wasa a dandalin Red Rocks kusa da Denba, aka yi wa mutane da dama magani a wurin, bakwai kuma aka kai su asibiti. Yadin tanti bai fi rigar da ke jikinsu kauri da yawa ba.

Washegari da rana, bayan hanya ta sha iska, muka koma gaɓar Buffalo Gap. Wasu matasa da muka bari a can sun buɗe tantinsu da rumfarsu tun safe sun tafi yawo a ƙafa, hadarin ya riske su nesa, suka fake a motar wasu. Mun tarar suna shanya katifa a kan ciyawa. Rigar ruwan tantin ta huje a wurare da yawa, ƙarfe ɗaya na ciki ya lanƙwashe har tantin ya ƙi rufuwa, ƙafafun rumfar sun karye, farantin sola da suka kafa a kan bonet kuma ya tsattsage. Yaya ya ɗauko kayan aiki, muka kwance ƙarfen muka miƙar da shi gwargwadon da zai bari a ninke, muka ba su tamfol da bel biyu su ɗaure har su isa Rapid City. Abin ya taɓa ni, domin a fuskarsu na ga kuɗin da suka daɗe suna tarawa, kuma abin da ya raba mu da su bai wuce rufe tanti da safe ba.

Mun dawo ta Nebraska, ta Chadron da Alliance da Scottsbluff, garin da ƙanƙara ta farfasa gonar sola ta samar da lantarki a watan Yuni na 2023. Tun a hanya Yaya ya yanke shawarar cire nasa farantin sola daga kan ƙarafan rufi ya koma irin mai naɗewa, wanda ake shimfiɗawa a ƙasa a mayar cikin mota. Da muka isa Aurora, aikin farko shi ne buɗe tantin a rana, domin mun naɗe shi da danshi, yadi kuwa idan ya kwana biyu a jiƙe cikin tamfol fumfuna yake yi, warin kuma ba ya fita. Muka ɗaga katifa muka goge daɓen, muka bi ɗinki da zif ɗaya bayan ɗaya, muka ƙara ɗaure kusoshin da ke riƙe tantin, waɗanda girgizar birji da iska kan sassauta.

Sauran magana ta inshora ce. A Amurka ɓarnar ƙanƙara tana shiga ne a ƙarƙashin cikakkiyar inshorar mota, ba wadda doka ta wajabta ba, kuma mai mota yana biyan wani kaso na farko daga aljihunsa kafin kamfani ya ɗauki sauran. Lotsewar da ba ta fasa fenti ba masu gyara suna turo ta daga ciki da siraran ƙarafa, ba sai an yi bugun bodi da sabon fenti ba. Tanti kuwa, da yake ba daga masana'anta ya zo da motar ba, ba kowace yarjejeniya ce take ɗaukarsa a matsayin ɓangaren mota ba. Ganin abin da ya sami matasan nan ya sa Yaya ya buga wa kamfaninsa waya a makon, ya aika musu rasiɗin tantin da na ƙarafan rufi tare da hotunansu a kan motar, aka rubuta su cikin yarjejeniyar a matsayin ƙarin kaya, da ɗan ƙarin kuɗi a kan abin da yake biya kowane wata.